Mun Kira Shi Injiniya Tun Bai Taɓa Inji Ba

A hutun watan Disamba ɗan ƙanwata ya zo gida daga makarantar da yake karatun injiniyan lantarki, yana shekara ta biyu. Tun daga tasha aka fara shela: "Ga Injiniya ya iso!" Mai kabu-kabun da ya kawo shi ya ƙi karɓar kuɗi, wai dai a tuna da shi ranar da aka zama babban mutum. Uwarsa ta yanka kaza. Ƙannensa suka yi ta leƙen jakarsa kamar a ciki ne ilimin yake.

Kwana uku da zuwansa famfon sola na garkar babansa ya tsaya, albasa kuwa tana tsakiyar shan ruwa. Uban ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda ga injiniya a gida. Yaron ya je ya tsaya gaban akwatin na'urar ya daɗe yana kallo, daga ƙarshe ya ce bai san ta inda zai fara ba. Aka kira wani mai gyara na unguwa wanda ko firamare bai gama ba. Cikin rabin sa'a ya gano wayar da ta ƙone, ya ɗaure ta, ruwa ya taso. Babu wanda ya yi wa yaron faɗa. Uban dai ya yi shiru, shirun nan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Da dare ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Kawu, ni fa ina ganin kuskure aka yi aka ɗauke ni a makarantar nan. Ina cin jarrabawa, amma wallahi ban iya komai ba. Wata uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In na buɗe littafi sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji." Wannan fa yaro ne da ya fito na ɗaya a ajinsu tun daga kwaleji har ya ci bak.

Na daɗe ina juya maganar nan, na kuma lura ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke zama a fadojin samari a Ƙonni, Malbaza ko Illela lokacin hutu ya san irin waɗannan yara: sun tafi Yamai ko Maraɗi da ƙarfin gwiwa, sun dawo a sanyaye, ba sa son a tambaye su yaya karatu. Ra'ayina shi ne wannan gajiya ba lalaci ba ce. Mun ɗora wa yaranmu sunan injiniya da nauyin dangi gaba ɗaya, sannan muka bar su suna koyon inji a kan allo, alhali injinan da za su ba su ƙarfin gwiwa suna nan a ƙofar gidajenmu a kulle.

Bari mu fara da sanin ciwon. Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya ke maganinta, akwai kuma wadda barci ba ya taɓa ta. Ta biyun ce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta a 1974, ya ba ta suna da kalmar da ke nufin ƙonewa ƙurmus, kamar lagwanin fitilar da kananzir ya ƙare mata amma ana ta ƙara mata wuta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke fitowa daga matsin aiki na dogon lokaci, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga aikin har mutum ya fara ƙyamarsa, da jin cewa ba ka iya komai. Hukumar ma'aikata take nufi, amma masu bincike sun daɗe da ganin alamomin nan uku a jikin ɗalibai. Ka sake duba abin da yaron nan ya faɗa mini, za ka same su duka a ciki. Har jin da yake yi cewa kuskure aka yi aka ɗauke shi sananne ne: a 1978 wasu masana biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu kan mutanen da suke cin nasara amma a ransu suna jin yaudara suka yi, kuma wata rana za a gano su.

To me ke ƙona yaranmu? Abu na farko nauyin gida ne. A yawancin gidajen yankinmu, yaron da ya kai ga karatun injiniya shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai nan. Da kuɗin albasa aka tura shi, ko da kuɗin ragon da uwarsa ta yi kiwo, ko da ribar da yayansa ke samu a fataucin iyaka. Ya san adadin kowace jaka da aka kashe masa. Saboda haka in ya faɗi darasi ɗaya, a wurinsa gida gaba ɗaya ne ya faɗi. Mu kuma da muke kiran sa Injiniya tun shekarar farko, muna ganin girmamawa ce, shi kuwa bashi yake ji muna tuna masa. Ɗiya mace ma nata ya fi: ban da wannan nauyi, kullum akwai mai tambayar uwarta yaushe za ta gama ta yi aure.

Na biyu rashin tabbas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris 2024. A watannin nan gidaje da yawa da ke ci daga iyaka sun kasa aika wa 'ya'yansu ko kuɗin abinci. Najeriya kuma ta yanke wutar da take sayar mana, ɗalibin lantarki ya koma karatun lantarki da fitilar wayar salula. Ka haɗa wannan da abin da kowa ya sani na jinkirin kuɗin tallafin karatu, da yajin aiki, da shekarun karatu da ke hawa kan juna har karatun shekara uku ya ci huɗu ko biyar. Mai gudun da bai san inda layin ƙarshe yake ba, dole numfashinsa ya ƙare. A nan ne wasu ke fara dafa shayi da Nescafé har asuba, wasu kuma su zarce zuwa tramol, su ƙara wa ciwon wani ciwo.

Na uku harshe. Yaron da ya tashi a Tsernawa ko Dogerawa da Hausa yake tunani, da Hausa yake mafarki, amma da Faransanci aka koya masa duk abin da ya sani na lissafi da kimiyya. Sau da yawa yakan haddace dokar Ohm ya rubuta ta daidai a jarrabawa, amma ka ce ya bayyana wa babansa ita sai ya rasa bakin magana. Abin da ba ka iya faɗa da harshenka ba, da wuya ka ji a ranka cewa naka ne. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan mataki zai yi ma'ana ga ɗalibin injiniya ne ranar da malaminsa zai iya tsayawa minti biyar ya ce, "To, bari in faɗa muku da Hausa abin da ke faruwa a cikin wayar nan," ba tare da an ga ya rage darajar darasin ba.

Amma babban dalili a ganina shi ne na huɗu, wato nisan da ke tsakanin allo da inji. Albert Bandura, wani masani da ya yi fice kan yadda mutum ke yarda da iyawarsa, ya nuna tun 1977 cewa abin da ya fi gina wannan yarda shi ne mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yi nasara. Yabo da ƙarfafa gwiwa na baki suna taimakawa, amma bayan wancan suke zuwa. Mu Hausawa mun riga shi faɗa: gani ya kori ji. Mai gyaran da ya tayar da famfon nan ya buɗe irin akwatin sau ɗari, shi ya sa hannunsa ba ya rawa. Ɗan ƙanwata ya zana akwatin a takarda sau ɗari, bai taɓa buɗe shi ba. Makin da yake samu bai iya gaya masa cewa ya iya ba, domin shi kansa ya san bai gwada ba.

Abin takaicin shi ne, a duk faɗin Nijar yankuna kaɗan ne suka kai namu abin da ɗalibin injiniya zai koya. A Malbaza ana yin siminti tun shekarun 1960, sabuwar masana'antar da ta fara aiki a ƙarshen 2018 kuma an gina ta ne don ta iya fitar da tan 650,000 a shekara. A cikinta akwai tanderu mai juyawa da ke gasa dutse a zafin da ya kai wajen digiri 1,450, akwai injinan niƙa, akwai manyan motocin lantarki, akwai ɗakin awon inganci. Duk darasin da ake yi wa ɗalibin kanikanci ko na lantarki ko na sinadarai yana nan yana juyawa dare da rana. A Malbazar dai akwai tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018, ta farko irinta da aka haɗa da layin wutar ƙasa. Yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifan sola, da yadda zafin watan Afrilu ke rage shi, a nan ne mutum zai auna da idonsa.

A Ƙonni kuma ga filin noman rani na fiye da hekta 2,400 da aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango a kwarin Magiya. Lokacin da aka tashi gyara shi, cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa hannu da hukumar Millennium Challenge ta Amurka a 2016 aka samo kuɗin. Magudanan nan kullum suna buƙatar mai awo, madatsun suna cika da yashi da laka, rabon ruwa tsakanin manoma lissafi ne tsantsa. Sai Galmi, wadda sunan albasarta ya kai Abijan da Akara, amma har yau manomi na kallon wani kaso na amfaninsa yana ruɓewa a cikin rudu saboda zafi da rashin iska. Wannan ma tambaya ce ta injiniya. Yaro ya wuce duk waɗannan a mota a hanyarsa ta zuwa makaranta, ya je ya zauna a aji ana zana masa su da alli, ya dawo hutu ya sake wuce su. Wanda ya samu shiga kuwa, yawanci sai a shekarar ƙarshe, kuma sai in yana da wanda ya tsaya masa.

Wasu sun magance wannan tuntuni. A 1906 wani malamin injiniya a jami'ar Cincinnati ta Amurka, Herman Schneider, ya fara tsarin da ɗalibi zai riƙa musanya tsakanin aji da masana'anta tun yana tsakiyar karatu, kuma har yau ana bin tsarin a ƙasashe da dama. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa shirin SIWES a 1973, wanda ya wajabta wa ɗalibin injiniya ya yi watanni a wurin aiki kafin ya kammala. Shirin na da nasa matsaloli, duk wanda ke da ɗan'uwa a Sakkwato ya ji ƙorafin, amma aƙalla ƙa'ida ce, ba alfarma ba. Mu ma makarantunmu, daga EMIG ta Yamai zuwa cibiyar fasaha ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, sun san da zaman koyon aiki a tsarinsu. Abin da ya rage shi ne a samu ƙofofin da za su buɗe, da wuri, ga kowa.

Ba ma sai mun je nesa neman abin koyi ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, an haife shi a Tasawa a 1929, ya kai ƙololuwar karatun kimiyyar fiziks a Faransa. Da ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, inda aka riƙa ƙera na'urorin dumama ruwa da murhunan dafa abinci da hasken rana tun duniya ba ta waye da sola ba. A littafin da ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Mutumin da ya fi kowa ilimin takarda a zamaninsa bai raina aikin hannu ba, bai kuma raina harshen gida ba.

Na san abin da wasu za su ce. Dattawa za su ce su ma sun sha wuya, da fitilar ƙwai suka yi karatu ba su yi kuka ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina wahalarsu. Amma a zamaninsu masu takarda kaɗan ne, gwamnati na jiran su da aiki tun kafin su fito. Yaron yau zai gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna a fada yana jiran a buɗe gasar ɗaukar ma'aikata. Wahalar da ka san ƙarshenta daban take da wadda ba ka sani ba. Masu masana'antu kuma za su ce wurin aikinsu ba filin wasa ba ne, akwai haɗari, akwai inshora, akwai ɓata lokacin ma'aikata. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai su ne kuma ke kukan cewa masu fitowa daga makaranta ba su iya komai ba, har sai an ɗauko ƙwararru daga waje da tsada. Wanda bai yarda a koya a wurinsa ba, bai kamata ya yi mamakin rashin gwani ba. Akwai kuma malaman da za su ce in aka cika aikin hannu za a fitar da masu gyara ne kawai. A'a, lissafin nan shi ne ya bambanta injiniya da mai gyara, kuma ba na neman a rage ko shafi ɗaya. Ina neman a ba yaron wurin da zai ga amfanin shafin.

Sai batun buri, a nan kuwa da mu da yaran duk muna da laifi. Ka tambayi ɗalibin injiniya goma abin da suke so, mafi yawa za su ce ofis a Yamai, ko matatar mai ta SORAZ, ko kamfanin ma'adinai a arewa, ko wata ƙungiyar Turawa mai farar mota, in ba haka ba a fita waje. Babu laifi a son waɗannan. Amma guraben kaɗan ne, kuma in dubban yara suka rataya darajarsu a kan ƙofa ɗaya ƙarama, yawancinsu za su ɗauki kansu faɗaɗɗu tun ba su fara ba. Mu iyaye mun koya musu cewa injiniyan da ya buɗe shagon haɗa famfon sola a Gidan Idder ya ci baya, alhali yana iya fin na ofis samu, ya kuma ɗauki yara biyar aiki. Burin da ya fi ƙarfin hanya yana cikin abin da ke ƙona su.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba sai an jira kuɗin waje ba. Masana'antu da ofisoshin fasaha na yankinmu su ware gurabe a kowane dogon hutu, ko da goma-goma ne, ga ɗaliban shekarar farko da ta biyu, a lika sanarwa a fili, a zaɓa da ƙa'ida. Hukumomin garuruwa da ƙungiyoyin manoman rani su riƙa ba ɗalibai ƙananan ayyuka na gaske: a auna magudanar da ke yoyo, a lissafa faifan da rijiyar gari ke buƙata, a gwada rudun da iska ke ratsa shi da kyau. Makarantu su amince da watan da yaro ya yi a garejin Ƙonni ko a shagon mai naɗa mota a matsayin koyon aiki, in ya kawo rahoto mai ma'ana. Su kuma samar da mutum ɗaya, malami ko ma'aikacin lafiya, wanda ɗalibi zai iya zuwa ya ce masa na gaji ba tare da maganar ta koma aji ba.

Mu iyaye da kawunnai, mu rage kiran sunan da bai kai ba tukuna. Mu kira yaro da sunan da aka raɗa masa. In ya bugo waya, kafin mu tambayi sakamako mu tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana barci. In ya faɗi darasi, mu gaya masa a fili cewa gida bai rushe ba. In kuwa muka ga ya daina magana, ya rame, ya fara faɗin cewa rayuwarsa ba ta da amfani, to a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, kamar yadda za a kai shi in zazzaɓi ne.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a buɗe muku babbar ƙofa. Ku cire girman kai ku je wurin mai gyara ku ce ya koya muku. Ku riƙa karatu tare, domin ranar da ka ji na kusa da kai ya ce shi ma bai gane ba, rabin nauyin ya sauka. Ku yi barci. Ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe abin da aka zuba mata.

Game da ɗan ƙanwata, abin da na yi kaɗan ne. Washegari na kai shi wurin mai gyaran nan na ce, "Malam, ga ɗanka, ka riƙe shi har hutu ya ƙare." Kwana biyun farko jakar kayan aiki kawai ya riƙa ɗauka. A rana ta biyar famfon babansa ya sake tsayawa, a daidai wurin da aka ɗaure. Mai gyara ya kawo hannu zai sake ɗaurewa, yaron ya ce a dakata. Ya auna nisan da ke tsakanin faifan da rijiya da taku, ya duba kaurin wayar, ya zauna a ƙasa ya yi lissafi a bayan kwalin shayi. Ya ce wayar ta yi siriri ga wannan nisa, shi ya sa take zafi tana cinye ƙarfin wutar a hanya, kuma ko sau goma aka ɗaure za ta sake ƙonewa. Uban ya yi jinkiri saboda tsadar mai kauri, daga baya ya saya. Har aka cire albasa famfon bai sake tsayawa ba, mai gyaran kuma ya roƙe shi ya rubuta masa lissafin da Hausa a takarda.

Ban ce ya warke ba. Har yanzu yakan bugo mini da dare a lokacin jarrabawa, muryarsa a gajiye. Amma bai sake ce mini kuskure aka yi aka ɗauke shi ba, kuma ya riga ya rubuta takardar neman koyon aiki na hutun damina ya kai wurare uku. Muna jiran amsa. Allah Ya sa masu riƙe da makullan su buɗe.